Muryar Yaya Tana Cikin Folda Mai Kwaɗo

Litinin, ƙarfe tara na safe

Gaisuwa mai tarin yawa ga jama'ar duniya baki ɗaya, manya da ƙanana, masu mota da masu takawa a ƙasa, masu haƙora da waɗanda nasu suka yi ritaya, masu ilimi da irinmu da muka leƙa aji ta taga muka ce ya isa haka. Mai gaishe ku shine Injiniya, Babban Daraktan Sauti na shagon ɗaukar murya dake tsakanin mai faci da mai aski. In kunga rubutuna kamar kaza ta taka tawada kuyi haƙuri, ni harkata baki ce ba biro ba.

Littafin nan na Yayana ne, a ciki yake rubuta kalaman talla. Na tarar rabinsa babu komai, nace bari in riƙa zuba nawa, tunda shagon yayi shiru, ni kuma shiru baya min kyau a jiki.

Ga wanda bai sani ba: duk muryar da kuke ji a lasifikar masu talla, mai katifa, mai bokiti, mai maganin ɓera, ta Yaya ce. Shekara goma sha tara yana wannan aiki. Mai kaya zai zo ya faɗi abinda yake sayarwa, Yaya ya shiga ɗan ɗakin da muka manna wa kwalin ƙwai a bango, ya ɗauka sau uku sau huɗu har ta yi masa daɗi. Ni kuma in zuba wa mutum a memori, ɗan katin nan da ake sawa a lasifika, ya tafi. Kullum sai yace min, "Ta ƙarshe kaɗai zaka zuba." Ni kuwa in tattara duka in zuba, wa ke da lokacin zaɓe? Mutum yazo neman ɗaya ya tafi da huɗu, ai alheri ne.

Yau kwana tara da faɗuwarsa. Yana asibiti, gado na huɗu daga ƙofa. Yana gani, yana ji, yana gane mutane. Magana ce dai babu. Zata dawo.

Ranar ina wajen mai shayi. Minti goma ne kawai.

Komai lafiya.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Anti ta biyo ta shago daga asibiti. Matar Yaya kenan. Ko zama bata yi ba tace, "Gwangwani, rufe baki ka buɗe kunne."

Nace, "Anti, a gaban jama'a Injiniya ake cewa."

Tace, "Wace jama'a? Kai da fanka?"

Gwangwani sunan da Yaya ya laƙaba min tun ina ƙarami, wai ko iska ta taɓa ni sai nayi ƙara. Duk gida sun ɗauka. Hassada ce.

Tace akwai wata likita mai koya wa marasa lafiya magana. Ta ce a nemo muryar Yaya a riƙa kunna masa, amma ba ta talla ba, maganarsa ta yau da kullum, inda yake kiran mutanen gida, yana faɗa, yana dariya. Bata yi alkawarin komai ba, tace dai a gwada, wani lokaci mutum in yaji kansa bakin yakan so ya bi.

Nayi tsalle. Domin na san abinda Anti bata sani ba. Kullum da safe kafin kowa yazo, Yaya yana gwada makirfon na minti goma, kuma ba ɗaya biyu uku yake cewa ba, hira yake. Ya zage ni, ya yi wa mai aski tsiya, ya kira Anti a waya yace, "Gwamnati, an tashi lafiya?" Haka yake kiranta. Kuma bai taɓa goge ko ɗaya ba. Duk suna cikin wata folda a kwamfuta mai suna GIDA. Nan take na faɗa wa Anti.

Anti tace, "Kwana nawa zai ɗauke ka?"

Nace, "Wane irin kwana? Kafin ki kai bakin titi."

Tace, "Na baka sati."

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kwamfutar nan bata da tarbiyya.

Ƙofa biyu gare ta. Akwai ta shago, wadda nake shiga in zuba wa mutane talla, ita bata neman komai. Akwai ta Yaya, mai faswod. Daga ƙofar shago ina hango GIDA da idona, ga ta nan ruwan ɗorawa, amma da ɗan hoton kwaɗo a gefenta. In na danna sai ta fito min da Turanci, wai bani da izini.

Ni! Ni da na ɗauko ta a ka daga tasha, ana ruwa, na rufa mata rigata!

Na danna sau ɗaya, na danna sau biyu, na danna da ƙarfi. Na kashe na kunna. Na yi mata magana mai daɗi. Bani da izini.

Talata, ƙarfe uku

Na tsallaka titi wajen Mai Tabarau, mai gyaran kwamfuta. Ba don ban iya ba, ra'ayin abokin sana'a naje ji. Na ba shi labarin GIDA da kwaɗonta.

Yana tsaka da kwance wata na'ura, ko ɗagowa bai yi ba yace, "Sai ka buɗe da admin."

Nace, "Haka nima na ce. Wane ne shi?"

Ya cire tabarau ya kalle ni. Yace admin shine mai gidan kwamfuta. Ka danna maus ta ɓangaren dama akan foldar dake sama da ita, zaka ga wurin buɗewa a matsayin admin, zata nemi faswod ɗin Yaya. In ka bata, taga zata buɗe da jan layi a sama, daga nan babu ƙofar da zata hana ka shiga.

Yace, "Amma ka ji ni da kyau, Gwangwani. In kana cikin tagar nan mai jan layi, kwamfuta bata hana ka komai. Ko ka ce ta yanke kanta zata yanke. In ka samu faswod ka kira ni, minti biyu ne, ni zan kwafa maka."

Nace, "Maigida, ka taɓa ganin injiniya ya kira injiniya?"

Yace, "Ban taɓa ganin injiniya a shagonku ba."

Duk wanda ke layin nan ɗan wasan kwaikwayo ne.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Na gwada sunan Anti. Na gwada Gwamnati. Na gwada ranar haihuwar Yaya, lambar babur ɗinsa, ɗaya biyu uku huɗu. Na gwada Injiniya, don dai a cika.

Fankan nan tana wani ƙara tun jiya. Yaya ne ya san inda ake bugunta ta daina.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Naje asibiti. Rabona da shiga ɗakin tun ranar farko, kullum a baranda nake tsayawa ina ba masu jinya labari, ai suma suna buƙatar nishaɗi. Yau Anti ta ja ni ciki da hannun riga.

Ya rame. Ba sosai ba. Hannun dama yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba.

Nace, "Ranka ya daɗe, Shugaban Kamfani! Ma'aikata na gaisuwa, wato ni."

Ya kalle ni.

Anti ta sunkuya tace, "Faswod ɗin kwamfuta muke so. Zamu ɗauko maka muryarka." Ta miƙa masa biro a hannun hagu. Ya gwada, layi ne kawai yake fita a karkace. Ya yar da biron. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna ni.

Na ja da baya. Nace, "Yaya, ai maganar ranar nan ta wuce."

Ya sake nuna ni. Sau uku. Ina neman ƙofa da ido, sai Anti ta fashe da dariya, dariyar da rabon in ji tun kafin abin.

Tace, "Kai ne, sakarai! Sunanka ne faswod ɗin!"

Yaya ya lumshe ido alamar eh.

Nace, "Ai na gwada Injiniya."

Tace, "Sunanka na ce."

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Jama'a ku miƙe tsaye. A buga ganga. TA BUƊE.

Na danna dama, na zaɓi admin, na rubuta gwangwani da ƙananan baƙaƙe da yatsa ɗaya. Taga ta buɗe da jan layin nan a sama, da wani dogon Turanci a kansa, da alama gaisuwar girmamawa ce. Duk kwaɗon dake kwamfutar nan ya ɓace. Na shiga nan, na leƙa can, foldoji masu sunaye kamar na magani, duk na shiga na fito babu mai ce min daga ina. Ashe haka manya suke ji.

GIDA kuwa fayil dubu huɗu da wani abu. Kowanne da ranarsa.

Ban kira Mai Tabarau ba. Mutum na aiki, me zai sa in dame shi.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu

Na kunna ɗaya. Ta bara ce. Ya yi gyaran murya yace, "Gwaji, gwaji. Yau Gwangwani yazo da wuri, a duba ko gidansa ne ya rushe." Sai ga dariyata daga nesa.

Na kashe. Na fita na duba janareta, ko da yake akwai wuta.

Shekara goma sha tara yana rubuta sunana kullum da safe kafin ya fara aiki. Ban san me zan yi da wannan ba. Na share shago sau biyu.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Anti zata kawo filashin da za a zuba muryar a ciki ranar Asabar. Nace kafin nan bari in fito da GIDA fili, kan fuskar kwamfuta ta ƙofar shago, tana shigowa ta gani ta san da wa take magana. Na kama foldar da maus na ja ta na sauke. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta gama. Fayil dubu huɗu! Wani sai ya wuni yana kwafa. Hannu ne dai.

Na rufe taga mai jan layi, na kulle shago, na tafi ina fito.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na kunna, ga GIDA a fili, amma kwaɗon ya biyo ta. Wai bani da izini. Kwafin ne bai yi kyau ba, saurin ya yi yawa. Zan goge in sake. Aikin minti ɗaya.

Juma'a, ƙarfe tara da kwata

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya

Komai lafiya.

Juma'a, ƙarfe biyar

Mai aski yace me ya same ni ban yi magana ba yau. Nace maƙogwaro.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Tambaya ga masana. Ba ni ba ne, wani abokina ne.

Shi wannan abokin nawa ya ja folda daga wuri zuwa wuri, yana zaton ya kwafa. Washegari ya buɗe taga mai jan layi, ya danna goge a kan wadda yake zaton kwafi ce. Kwamfuta ta fito masa da Turanci da maɓalli biyu. Shi kuma a rayuwarsa duk Turancin da kwamfuta ta fito da shi, na dama yake dannawa, kuma bai taɓa ganin sharrin haka ba. Ya danna. Ya koma inda ta asali take don ya sake kwafa.

Babu ta asali. Ashe ja ba kwafa ba ne, ɗaukewa ne. Guda ɗaya ce dama.

Ya duba kwandon shara. Kwandon fes, kamar an wanke.

To ina take zuwa? Ai dole tana wani wuri. Abu dubu huɗu baya ɓacewa haka nan ko ƙara babu.

Abokin nawa yana gaishe ku.

Asabar, ƙarfe biyu

Anti ta kawo filashi sabo a leda. Tace, "Ina kayan?"

Nace, "Suna lodi."

"Lodin me?"

"Anti, murya ce ta shekara goma sha tara, sai ta tsumu. In aka ciro ta da zafi sai ta fashe."

Ta kalle ni ta kalli kwamfutar. Tace, "Na faɗa wa Yayanka jiya an buɗe. Ka ga yadda ya riƙe min hannu kuwa?" Ta ajiye filashin a kan tebur. "Laraba likitar zata zo."

Nace, "Laraba ai nisa ne."

Sati biyu kenan cif yau da faɗuwar Yaya. Ranar ma Asabar ce. Minti ashirin nayi wajen mai shayi, in an matsa.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Aiki ya fi zaman tunani. Mai katifa yazo yana son sabon talla, yace ko in jira Yaya? Nace wa kake tsammani yake koya wa Yaya? Na shiga ɗakin kwali, na rufe ƙofa, na zauna a kujerarsa. Na ɗauka sau talatin da ɗaya. Mai katifa yace kamar ana gwanjon akuya. Amma ya karɓa.

Kujerar ta lotsa daidai jikin Yaya. Ni bata zauna min ba.

Litinin, ƙarfe huɗu

Mai bokiti, ɗauka ashirin. Wata mai sabulu, ɗauka arba'in, don ta ce in sassauta murya, ni kuma muryata bata da birki. Da suka tafi na bar makirfon a kunne ina ta zuba ni kaɗai, labarin duniya, fiye da awa biyu. In na yi shiru sai in ji fankar.

Na sake buɗe taga mai jan layi na bi foldoji ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila ta faɗa wata.

Talata, ƙarfe tara na safe

Bata faɗa ba.

Talata, ƙarfe goma sha biyu

Na tsallaka titi. Na fara da labarin abokina. Mai Tabarau ya ajiye sukundireba yace, "Yaushe?"

Nace, "Abokin nawa yace Juma'a."

"Ka kashe ta tun lokacin?"

"Wa?"

"Kwamfutar, Gwangwani! Ka kashe ta ka bar ta?"

Nace ai mun ɗan yi aiki kaɗan. Yace kaɗan nawa. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu.

Yace in aka goge abu ba ya tafiya nan take. Kamar gidan haya ne, sunan mutum kawai ake cirewa daga ƙofa, shi yana ciki yana zaune. Da na kashe na kawo masa ranar, da ya fito da kusan kowa. Amma duk sabon abin da ka ɗauka, ɗakin da babu suna ake ba shi, a fitar da na ciki.

Nace, "To wa ya shiga ɗakunan?"

Yace, "Wa ka ɗauka?"

Ni ne, ni da bakina. A rubuta a tarihi.

Ya zo da kansa ya zare wayoyi ya rungumi kwamfutar. A bakin ƙofa ya juyo yace, "Minti biyu na ce maka. Titi kawai zaka tsallaka."

Laraba, ƙarfe goma

Na aika wa Anti saƙo cewa wuta ta lalata wani abu, ana gyara. Ta amsa da kalma ɗaya: To.

Wannan To ɗin ya fi mari.

Tebur babu kwamfuta, sai murabba'in wuri mai tsabta a tsakiyar ƙura. Nan ƙasan teburin na samu Yaya ranar. Takalminsa ɗaya ya fita.

Alhamis, ƙarfe uku

Mai Tabarau ya kira ni. Ya samo fayil ɗari biyu da wani abu, babu suna sai lambobi. Muka zauna muna kunnawa ɗaya bayan ɗaya.

Ni. Ni. Katifa. Ni. Sabulu. Ni ina ba bango labarin yadda na kusa zama direban jirgi. Wasu ƙara ce kawai kamar ana soya abu. Ban taɓa sanin muryata haka take ba. Yaya yayi haƙuri da ni ƙwarai.

Wajen na ɗari da tamanin sai ga shi. Daƙiƙa huɗu. "Gwaji, gwa..." sai muryata ta hau kai, "A zo a sayi katifa!"

Mai Tabarau bai yi min tsiya ba. Da ma ya yi.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Naje gidan Yaya kafin Anti ta fita. Tana zuba ruwan zafi a filas. Na tsaya a bakin ƙofar kicin na faɗa mata duka, babu abokina a ciki.

Ta rufe filas ɗin. Ta goge tebur inda babu abinda ya zuba.

Tace, "Har da waɗanda yake kirana?"

Nace, "Har da su."

Tace, "Ban taɓa jin ko ɗaya ba. Ban ma san yana ajiyewa ba sai da ka faɗa."

Na jira ta zage ni. Na ma tanadi inda zan tsaya. Sai ta ɗauki jakarta tace, "Ni bazan faɗa masa ba. Bakin da ya iya talla sau arba'in ya iya wannan sau ɗaya."

Juma'a, ƙarfe biyar

Naje har ƙofar asibiti. Na dawo. Takalmina ne yake matsa min.

Awa ɗaya ne. Ba minti goma ba, ba ashirin ba. Ranar Yaya ya shigo ya same ni a kujerarsa ina ƙoƙarin shiga ƙofarsa ta kwamfuta, yace sauke hannunka daga kayana. Nace shekara goma sha tara ina naɗe maka waya, ko sau ɗaya baka ce in gwada makirfon ba. Na faɗi wasu abubuwan kuma. Na buga ƙofa na tafi wajen mai shayi, na zauna awa ɗaya ina ba mutane dariya don yaji haushi. Maganar ƙarshe da ya yi a duniya kafin bakin ya rufe, ni ya yi wa, kuma faɗa ce.

To na rubuta. Biron ma ya gaji.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ina zaune a shago babu kwamfuta babu baki, sai ga tsohon nan mai maganin ɓera da lasifikarsa a rataye. Ya tambayi jikin Yaya. Sannan yace, "Dama ina da ƙorafi tun bara, kunyar Yayanka ce ta hana ni. Wane ne yake zuba talla a memori?"

Nace, "Babban Darakta."

Yace, "To Babban Darakta, ina tsakiyar kasuwa, mutane sun taru, sai lasifika ta bar maganar ɓera ta kama faɗa da wani Gwangwani. Har an fara kirana da sunan."

Na miƙe tsaye. Nace, "Baba, kunna."

Ya danna, ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu. Sai ga Yaya, garau kamar yana cikin ɗakin kwali: "Ina masu fama da ɓera... Gwangwani! Kashe fankan nan, tana shiga min aiki. A'a, ba bugunta zaka yi ba, kashewa na ce. Allah ya shirye ka. To, daga farko."

Duk waɗanda yace kar in zuba. Duk waɗanda na zuba don ƙyuya. Shekara da shekaru, a memorin kowane mai talla a garin nan.

Na rungume tsohon har lasifikar ta yi kuka. Yace, "Kai, lafiya? Sake ni, ina da guba a aljihu."

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mai Tabarau ne ya kwafa, ni na tsaya a bayansa hannuna a aljihu, bisa umarninsa.

Na shiga ɗakin asibitin da ƙafata, ba a ja ni ba. Anti na gefen gado. Na durƙusa na faɗa wa Yaya komai. Jan layi, maɓallin dama, katifa, sabulu. Har da awa ɗayan. Yana kallon silin. Da na gama ya juyo da kai ya kalle ni, kallon da na sani tun ina ɗan shekara biyar.

Nace, "Abinda ya rage kenan, Yaya." Na kunna a waya na ajiye kusa da kunnensa.

Da aka zo wajen ba bugunta zaka yi ba, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na zaci wani abu ne, na miƙe zan kira nas. Ashe dariya ce, da rabin baki. Mutumin gado na uku ma yana dariya bai san dalili ba.

Anti tace, "Sake kunnawa."

Na sake. Na sake. A na huɗu leɓensa ya motsa tare da muryar. Ya ja numfashi, wuyansa ya ɗaure, ya ɗaga yatsan hagu ya nuna ni.

"Gwan."

Iyakarta kenan. Anti ta juya ta fuskanci bango. Ni kuma nace, "Na'am, Yaya." Tunda aka laƙaba min sunan nan ban taɓa amsawa da sauri haka ba.

Bai ce ya yafe ba. Ai bai iya ba tukuna. In ya iya, na san ba da ita zai fara ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Jiya na zaga da ƙafa har tafin ƙafata ya yi ruwa. Memori goma sha ɗaya na samo. Akwai tari, akwai atishawa, akwai inda yake cewa mai aski ya rage rediyo, akwai zagina kala bakwai. Likitar tace a ci gaba da kawowa.

Amma har yanzu babu wadda yake kiran Anti. Tana sauraron kowacce har ƙarshe, sai tace saura nawa.

Kuma na san akwai. Na tuna wata rana yana tsaka da ɗauka wayarsa ta yi ƙara, bai kashe makirfon ba yace, "Gwamnati, ina aiki, amma ke kin fi aiki." Na tuna sarai don na yi masa tsiya ranar. Abinda na kasa tunawa shine tallan wa ake yi. Ko mai bargo ne, ko wani mai tocila da ya bar layin nan.

Saboda haka zan bar littafin nan a buɗe a kan benci a ƙofar shago, na ɗaure shi da igiya, kowa ya karanta, na daina jin kunya. Kai mai karatu, in ka taɓa yin talla a shagonmu, ko babanka, ko maƙwabcinka, ko ka gaji tsohuwar lasifika, ka duba cikinta. Ka aiko min da memorin. Ko ya tsage, ko tallan kayan da ka daina sayarwa ne, ka aiko. Ka ba mai aski ko mai faci, kace a ba Gwangwani. Zan mayar maka da abinka lafiya, domin ba ni zan taɓa ba, Mai Tabarau ne.

In kuma ka kunna kaji ana cewa Gwamnati, kar ka aiko da kowa. Ka kawo da kanka, da gudu.